Makirfon da Na Zaɓo da Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata 'yar ƙara da ta fito daga ƙarƙashin gadonmu wata safiyar Laraba. Shara nake yi, na zura tsintsiya can ƙurya don in jawo takalmin yaro, sai na ji "tirin". Na tsaya cak. Na sake zurawa, aka sake cewa "tirin", wannan karon har da ɗan jan murya. Na yi a'uziyya, na karanta Ayatul Kursiyyu (rabi a tsaye, rabi a guje), sannan na dawo da muciya a hannu na durƙusa na leƙa. Wani dogon abu ne naɗe cikin tsohon zanena na atamfa, wanda na yi wata biyu ina zargin akuya ce ta janye shi daga igiyar shanya. Ina warwarewa sai ga jita. Jita sosai, mai tsirkiya shida, irin wadda ake gani a talabijin, tana kwance abinta a ɗakina, a gidan Malam.

Sai na ɗan yi muku bayanin gidan kafin ku gane girman abin. Surukina, Baba Malam, shi ne mai makarantar Islamiyyar garinmu, wani ƙauye a ƙasar Tofa inda gonar wannan take jingine da katangar wancan. Katanga ɗaya ce tak tsakanin sashenmu da filin makarantar. Shekarata goma sha ɗaya a gidan, amma ban taɓa yi wa Baba magana da ta wuce gaisuwa ba, ita ma a durƙushe, kai a ƙasa, murya a maƙoshi. Ya ce Allah ya yi albarka, in ce amin a zuci, in tashi. Da za a tara matan gari a bayan labule a ce ya nuna muryar surukarsa, ba na jin zai iya. Ni kuma a wajen mata sunana ustaziya. Na taɓa tashi na bar gidan biki ana tsakiyar rabon alkaki saboda an kunna kiɗa, na kuma taɓa tsayawa a gaban injin Talatu mai markaɗe na yi mata nasiha mai tsawo a kan waƙe-waƙen da take rerawa tana aiki (ban rage komai ba, har da ɗaga yatsa).

Maigidana malamin lissafi ne a firamare. Abban Ummi nake ce masa, kamar yadda kowace mace mai kunya a wajenmu take sakaya sunan mijinta. Da ya dawo daga makaranta ya tarar da jitar a kan gado, ni kuma a gefenta na harɗe hannu, sai ya zauna a bakin ƙofa kamar wanda aka karanta wa hukunci. Ya ce tun yana kwalejin horar da malamai ya koya, ya bar ta a wajen wani abokinsa a birni duk shekarun nan, don ya san gidan da ya fito. Yana yaro ya taɓa haɗa gurmi da gwangwanin madara, Baba ya taka shi da ƙafa a gaban ɗalibai, shi kuma bai sake ba. Abin da ya sa ya ɗauko ta yanzu, in ji shi, yaran ajinsa ne. Da ruwa ya sauka rabin aji yake watsewa, wannan yana shuka, wancan yana noma, wata tana kai abinci gona, in sun dawo bayan wata uku bakwai sau uku ma sai an yi musu rantsuwa. To ya sa wa lissafin sau wani ɗan kari, suna rerawa da tafi a aji, ya ga yana zama a kansu. Shi ne yake so ya ɗauki bidiyo da jita, hannunsa kawai za a gani ban da fuska, a riƙa turawa daga waya zuwa waya, yaro ya ji a gida ko a bakin gona.

Ya ce, "In Baba ya ji kafin in san yadda zan gaya masa, ba jitar kaɗai zai fasa ba. Ba zai ƙara yarda da ni ba."

Na so in yi masa irin wa'azin Talatu, har na gyara zama. Amma ni mace ce da ko kaza za a yanka sai na shige ɗaki. Na san malamai suna da maganganu a kan kayan kiɗa, ni kuwa ba malama ba ce, na dai ce ya ɗan taɓa in ji abin da za a yi mana hisabi a kai. Ya cusa tsumma a ƙarƙashin tsirkiyoyin don kada sauti ya haura katanga, ya fara a hankali. Kafin ya kai uku sau tara ina share hawaye da bakin mayafi. Lissafi fa. A nan na yi masa alkawari cewa bakina alekum, ko Yayata ba za ta ji ba. Ku riƙe wannan alkawarin, za mu dawo kansa.

Ɗaukarmu ta farko da wayarsa muka yi, mun jingine ta da kwanon sha a kan kujera. Da muka kunna don mu ji, akuyarmu ce ta fara sallama. Zakaran maƙwabta ya amsa, turmin gidan bayanmu ya shigo da nasa kiɗan, can ƙasa kuma injin Talatu yana ta gurnani. Jitar tana ciki, ba a ce babu ba, amma kamar sauro a cikin tulu. Hoton kuwa gwiwarsa ce da bokitin wanka, daga baya wayar ta zame ta koma ɗaukar rufin ɗaki har aka gama sau biyar.

A nan ne ilimina ya motsa. Ni fa na yi sakandare, kuma na ci kiredit a fizis (takardar tana nan a ƙasan akwati, in akwai mai musu). Na bayyana masa cewa sauti yana dukan bango ya dawo, don haka sai an tare shi. Na jingine katifar baƙi a taga, na rataye barguna biyu a bayan ƙofa, na sa ya jero buhunan gyaɗa a jikin bangon da ke kallon makaranta. Ɗakin ya koma kamar rumbu, zafi kamar gidan burodi, amma in ka rufe ƙofa ko faɗuwar tasa a tsakar gida ba ka ji. Ya yaba mini ƙwarai. Wannan yabon shi ya lalata ni.

Sauran kayan aiki sai an sayo daga birni. Ya tambayi abokin nan nasa, ya rubuto a takarda: sanda mai ƙafa uku ta ɗora waya, fitila mai caji, abin jin sauti mai rufe kunnuwa irin na ma'aikatan rediyo, sai ƙaramin makirfo mai igiya wanda ake soka wa waya. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin "mai igiya". Shi ba zai iya zuwa ba, don duk direban da ke bin hanyarmu tsohon ɗalibin Baba ne, kuma namiji in ya sauko da kwali sai an tambaye shi mene ne a ciki. Mace kuwa in ta dawo daga suna da jaka, ba mai leƙawa. Aka yi sa'a 'yar yayar tawa, Yaya Binta, ta haihu a birni, na shirya na tafi da takarda a ƙulle a bakin zani.

Washegarin suna na ja Yaya Binta zuwa kasuwar kayan lantarki, na ce mata kayan koyarwa ne na makarantar su Abban Ummi (ba ƙarya na yi ba, na dai rage gaskiyar). Muka sami wani dattijo mai shago, Alhaji mai farin gilashi, mutumin kirki wanda har yau nake jin kunyarsa. Da na raɗa masa cewa jita za a ɗauka a cikin ɗaki, bai ko ɗaga gira ba. Ya ce kada mu wahalar da kanmu da sayen kyamara, ta wayar ta isa, in dai an goge idonta an kuma kafa ta ta daina rawa. Ya ce hasken taga da hantsi ya fi kowace fitila, fitilar ta zama ta ranar hadari. Ya ce mutane suna haƙuri da hoto mai duhu amma ba sa haƙuri da sauti marar daɗi, don haka makirfo shi ne uban tafiyar. Ya ɗauko ɗan ƙarami mai igiya, ya nuna mini a jikin hannunsa inda za a ajiye shi, kamar taƙi ɗaya daga inda wuyan jitar ya haɗu da cikinta, ba a bakin ramin ba, don a nan sauti yake kumbura ya zama gunji.

Ina ta gyaɗa kai, sai idona ya sauka a kan wani kwali a saman kanta. Makirfo biyu na riƙewa a hannu, baƙaƙe, marasa igiya, da ɗan akwatinsu mai ƙaho biyu da ke karɓar murya. Na gane shi nan take. Irinsa sak Baba yake amfani da shi a makaranta, kuma duk garin an san yadda muryarsa take fita tas daga lasifikar da ke kan darbejiya, har masu tallar bakin titi suna jin tafsiri. Na ce a raina, abin da ya ɗauki muryar Baba ya kai bakin titi, jita ce za ta gagare shi? Ga shi ba igiyar da ƙanin Ummi zai ja ya kayar da waya. Ga shi kuma biyu ne, ɗaya na jita, ɗaya na baki. Wannan ɗan ƙaramin kuwa ko kan tsinken tsire bai kai ba, ina zai iya.

Alhaji ya ce wancan na taro ne, ba na ɗaki ba, ko da yake akwai 'yar igiyar da za ta haɗa akwatin da waya in na matsa. Sannan ya fara cewa, "Sai dai Hajiya, irin waɗannan duk a layi ɗaya suke tafiya. In akwai mai irinsa kusa da ku..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa na san zancen, ai mun yi shi a fizis. Yaya Binta ta mintsine ni a cinya ta ce in bi abin da ke cikin takarda mana, tunda mai abu ya ja layi har biyu. Na ce mata shi lissafi ya karanta, wannan kuwa fannina ne. Alhaji ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sa aka sauko da kwalin.

Da na baje kayan a gida, Abban Ummi ya dubi makirfon, ya dubi takardarsa, ya dube ni. Ya buɗe baki, ya ga yadda na tsaya, ya rufe. Abin da ya ce kawai shi ne Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kuma da farko kamar hakan ne. Muna ɗauka ne ranakun Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da makarantar allo da Islamiyya suke hutu, Baba kuma yakan tafi Makoda wajen 'yan'uwa. Wato duk ranar da muka kunna namu, na'urar makaranta a kashe take, a kulle a ofis. Ni ban haɗa wannan lissafin ba. Abin da na gani shi ne sauti ya fito, akuya ta koma baya, jita ta zo gaba. Muka gama sau biyu har zuwa sau shida cikin mako uku, kullum sai na tuna masa wanda ya zaɓo makirfon. Har ya koya mini kamu biyu a wuyan jitar, don in riƙa kaɗawa shi yana saurare da abin kunne yana gyara tazara. Yatsuna suka yi kanta, har nake ɓoye su a cikin hijabi in na je gaida Baba.

Sai ranar walimar sauka ta zo, wata Asabar gab da faɗuwar damina. 'Yan matan makarantar da suka sauke Alƙur'ani za a yi wa taro, an kafa rumfuna a fili, an gayyato liman da mai unguwa da malamai har daga Dawakin Tofa. Abban Ummi ne mai gabatarwa. Ummi, 'yata ta fari mai shekara takwas, tana cikin masu karatun buɗe taro, tun da sassafe ta fice da farin hijabinta. Ni aka bar wa dambun baƙi, don haka ina gida ni kaɗai, ƙaninta yana barci.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ɗora madambaci na ƙarshe, na ji filin ya yi tsit, alamar ana jiran babban baƙo. Na shiga ɗaki ɗauko man gyaɗa. Ga katifa a taga, ga barguna, ga sanda mai ƙafa uku a tsaye tun ɗaukar jiya, ga jita a kan gado ko naɗe ta bai yi ba don sauri. Na ce bari in gyara masa kayan. Daga gyarawa na ce bari in ga ko batirin makirfon yana da sauran rai. Daga nan na tura ƙofa, na sa abin kunne, na kafa makirfo ɗaya a gaban jita ɗaya a gaban bakina, na kunna. Ban san muryata tana da daɗi haka ba sai ranar. Cikin kunnuwana ta fito a cike, kamar ta matan da ke gabatar da shirin girki a rediyo.

Na gyara murya na ce, "Assalamu alaikum masu saurarenmu. Yau Hajiya ustaziya ce da kanta za ta koya muku lissafi, tunda malamin naku ya tsaya jin tsoro."

Na kama kamuna biyu na shiga sau bakwai, wanda ba mu kai ga ɗauka ba. Bakwai sau ɗaya bakwai, bakwai sau biyu sha huɗu, ina tafe ina kaɗa kai. Na zo bakwai sau takwas na ce hamsin da huɗu, da ƙarfin gwiwa, har da jan ƙarshen. Da na kai saba'in ban ji na ƙoshi ba. Akwai wata 'yar waƙa da na daɗe ina rerawa a zuci in ina tankaɗe, wadda ban taɓa bari ko labulen ɗakina ya ji ba. Na ce yau dai ga ɗaki a toshe, ga gari duk yana makaranta, wa zai ji? Sai na saki:

"Mai wushirya, malamin sau,
mai satar ƙanzo a tukunya,
in ka yi minshari ni daɗi nake ji..."

A ƙarshen kowane layi kuma sai in kira sunansa. Ba Abban Ummi ba, ba Malam ba. Sunansa na yanka, wanda uwarsa ma ba ta faɗa don ɗan fari ne, wanda ban taɓa furtawa a gaban wani mahaluki ba tun ranar da aka kawo ni gidan. Sau uku na kira shi, na ukun har da karkarwar murya. (Kada ku jira in rubuta shi a nan. Na faɗa rana ɗaya a rayuwata, ya ishi kowa.)

Ina shirin komawa baiti na biyu aka banko ƙofa, bargo ya faɗo. Shi ne, da babbar riga, takalmi ƙafa ɗaya, yana haki, bakinsa yana motsi amma ba na jin komai saboda abin kunne. Ni a zatona wani abu ya manta. Na yi masa murmushi, na matso da bakina jikin makirfon don ya ga ƙwarewa, na ce, "Ka ga na fi ka iyawa ko? Rufe ƙofar mana, kada Baba ya ji."

Ya miƙo hannu ya zare abin kunnen daga kaina. A daidai lokacin, ta ƙofar da ya bari a buɗe, na ji wata mace can a saman darbejiya tana ƙarasa cewa "...Baba ya ji", muryar ta daki bangon masallaci ta dawo. Na san muryar. Na dubi makirfon da ke gabana, ɗan jan idonsa yana kunne. Sai a sannan maganar Alhaji mai gilashi ta ƙarasa kanta a cikin kaina: in akwai mai irinsa kusa da ku.

Abin da ya faru a waje daga baya na tattara shi, mafi yawa daga bakin Talatu, wadda ba ta rage mini ko ƙwayar gero ba. Ashe da aka ga baƙo ya makara, sai aka kashe makirfon makaranta don kada batir ya ƙare, aka bar na'urar a kunne. Akwatinsu ya nemi murya a layinsa, ya sami tawa ta bayan katanga, ya miƙa wa lasifika. Da aka ji sallama, jama'a har sun amsa, an ɗauka wata malama ce za ta yi wa mata jawabi. Da jita ta shigo, ladan, wanda shi ke kula da na'urar, ya ce wata tashar rediyo ce ta kutso, ya tashi ya murɗa wani abu don ya rage, ashe ƙarawa ya yi. A rumfar mata kuwa ba wadda ta yi zancen rediyo. Talatu ta ce tun daga "masu saurarenmu" ta dafa ta kusa da ita ta ce a yi shiru, yau Allah ya amshi addu'arta. Da na ce hamsin da huɗu, yaran firamaren da ke zaune a tabarma, su fi hamsin, suka haɗa baki a kan karin waƙar suka ce "hamsin da shida", kamar an ba su umarni. Da sunan ya fito kuwa, duk filin aka juya ana kallon mai gabatarwa, yana tsaye da takardar tsarin taro a hannu. A nan ya zubar da takardar ya kwasa a guje, kuma da yake ƙofar gidanmu ta ɗaya ɓangaren take, sai da ya zagaye masallaci. Wannan zagayen ne ya ba ni damar kiran sunan na biyu da na uku.

Na tambayi Talatu yadda Baba ya yi. Ta ce bai motsa ba, carbinsa kawai yake ja. Da aka zo wajen "kada Baba ya ji", liman ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa, Baba kuwa ya ɗaga ido ya dubi lasifikar, ya ce wa ladan a hankali, ai sai a kashe haka nan, ya ji.

Dambu dai sai da aka raba shi, don baƙi ba su san kunya ta hana cin abinci ba. Ni ban fito ba. Ina cikin ɗaki tsakanin buhunan gyaɗa ina istigfari, ina jin mata suna shigowa ɗaukar kwanuka, kowacce sai ta tsaya a bakin ƙofata ta yi mini sannu da aiki da wata irin murya. Talatu ta leƙo ta ce ba komai ta zo yi ba, nasiha ta zo karɓa, in akwai saura. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Dariyar mata kwana nawa ce. Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne mutumin da ya ba ni amanar sirrinsa, na yi masa alkawarin ko Yayata ba za ta ji ba, ga shi na sanar da ƙauyuka uku. Na dubi jitar na ga gurmin gwangwani a ƙarƙashin ƙafar Baba, na fashe da kuka.

Bayan la'asar Baba ya aiko a kira Abban Ummi, ya ce ya taho da abin. Ya naɗe ta a zanen nan nawa, ya fita bai dube ni ba. Na idar da sallar da na san ba a yin nafila bayanta, don haka na zauna a kan dardumar ina ta jan salati har inuwar katanga ta kai bakin rijiya.

Da ya dawo, jitar tana hannunsa, lafiyarta ƙalau. Ya zauna a bakin ƙofa inda ya zauna ranar farko. Ya ce Baba ya sa ya warware ta, ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba. Ya tambaye shi yadda aka yi yaran nan duka suka san amsar a baki ɗaya, har da 'ya'yan da ko Fatiha sai an yi da gaske suke riƙewa. Shi kuma ya gaya masa komai, da zancen damina da na bidiyo. Baba ya ce shi ba zai ce masa ya kyauta ba, kuma ra'ayinsa a kan kayan kiɗa yana nan inda yake. Amma abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ɗansa mai 'ya'ya biyu yana ɓoye masa abu a ƙarƙashin gado kamar ɓarawo. Ya kafa sharaɗi: ban da lokacin sallah, ban da sashensa, ban da wata waƙa in ba ta lissafi ba, kuma duk abin da aka ɗauka a fara kawo masa ya ji kafin ya shiga wayar kowa. Makirfon kuwa a kai shi makaranta ya zauna, tunda dama ya san hanya.

Na ce ni fa, bai ce komai a kaina ba? Abban Ummi ya ciji leɓe, wushiryar tana leƙowa. Ya ce, "Ya ce in gaishe ki. Ya ce in gaya miki hamsin da shida ne."

Sati na zagayowa ya shiga birni da kansa, da rana tsaka, ya sayo ɗan ƙaramin mai igiya a wajen Alhaji mai gilashi (na roƙe shi kada ya ba da labari, ya ce Alhajin ne ya fara tambaya ko lafiya aka dawo). Da shi aka ƙarasa sau bakwai har sau sha biyu kafin a gama noman farko, kuma sautin ya fi na zaɓina kyau nesa ba kusa ba. Ni dai abin da na koya shi ne, in mai abu ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalma, a sayo masa kalmar. In dattijo ya fara cewa "sai dai", a bari ya kai aya. Kiredit ɗina na fizis kuma na mayar da shi ƙasan akwati, na ɗora zannuwa a kai. Nasiha ma na rage yi, musamman a gaban injin markaɗe.

Amma duk cikin abin da aka faɗa mini, har da na Talatu, ba wanda ya kai na Ummi. A yammacin ranar walimar, bayan an watse, ta shigo da farin hijabinta duk maiƙon dambu, ta zauna a jikina tana wasa da yatsuna masu kanta. Ta daɗe tana kallona kamar yau ta fara ganina, sannan ta matso kusa da kunnena, wai don kada wani ya ji, ta ce:

"Umma, ashe dama kin san sunan Abba?"